Matar Yayana da Ƙwan da Ba Ta Ci

Shekarun baya, a bazarar da ta biyo bayan daminar da ta yi mana rowa, lokacin sojoji ba su daɗe da karɓar mulki ba, ina koyarwa a wata lakwal a Jiratawa, ina kwana a Maraɗi. Ɗaki ɗaya na kama a unguwar Zariya, can bayan gidan wata Hajiya mai fataucin atamfa. Abin da na mallaka bai wuce katifa, da akwati, da tulu, da ƙaramin murhun gas, da littafin da nake rubuta waƙoƙina ba. Waƙoƙin nan ban taɓa nuna wa kowa su ba, kuma da na sake karanta su kwanan baya, na ga na kyauta wa jama'a.

Shekarar ta yi mini nauyi. Duk Litinin in na kira sunayen 'yan ajina, sai na tarar da sabon gurbi. "Sun tafi Najeriya, Madam." "Babanta ya kai su wurin dangi, Madam." Rediyo kuma kullum sanarwa, yau an naɗa wannan, gobe za a kawo taimakon hatsi. In na hau kabu-kabu na dawo da yamma, ba gajiyar jiki kaɗai nake kawowa gida ba. Sai in zauna bakin katifa da takalmi a ƙafa, ina kallon tukunya, tana kallona.

Hajiya ce ta rufa mini asiri. Kullum da rana takan sa a zuba mini abinci a kwanon silba a ajiye a ƙofar ɗaki: yau shinkafa da miya, gobe taliyar maka, jibi dambu ko tuwon masara. Kafin in dawo ya sandare, ya yi fuskar shanu. A ƙofar lakwal kuwa akwai matan ƙauye da ke kawo ƙwan kajinsu cikin ƙoƙo, an binne shi a ƙaiƙayi, suna sayarwa su sami na awo. Tausayi ne ya sa na fara saye, lalaci ya sa na ɗore.

Ga yadda nake yi. In na sallame magariba, sai in jefa ƙwai biyu a kofin ruwa. Wanda ya nutse nawa ne, wanda ya taso na yafe shi. In ɗora kasko, ɗan mai, albasa, tattasai in akwai. In juye abincin rana a kai, in ture shi gefe, in fasa ƙwan a gurbin, in gauraya. In tuwo ne, sai in yanka shi ƙanana, in bar shi ya yi ɓawo-ɓawo, sannan in kwarara masa kaɗaɗɗen ƙwai da gishiri. Kafin a kira isha'i na ci, na wanke kasko. Har suna nake raɗa wa girkin a littafina. Shinkafa da ƙwai a tsakiya, “Wata Cikin Gajimare” na kira ta. Ku yi mini uzuri, yarinya ce ni, kuma babu mai kwaɓa ta.

Ana nan sai mahaifiyata ta aiko mini da matar yayana daga Tibiri. Shi yayan nawa, wanda shi ne ɗan farin gidanmu, ya tafi kudu neman aiki da ya ga rumbu ya kusa ƙasa. Gidanmu kuma ya cika da dangin ƙauye da yunwa ta koro, ana dafa tukunya ɗaya ana raba ta gida uku. Saƙon Inna gajere ne: “Ga 'yar'uwarki nan ta taya ki zama.” Ba ta ƙara komai a kai ba.

Na yi murna ƙwarai. Matar yayana ba ta kai ni shekaru ba, shekararta ɗaya da aure, 'yar wani ƙauye ce gaba da Tibiri. Doguwa ce mai sanyin magana, amma in ta saki jiki akwai ta da ba'a. Ni ina ce mata “matarmu”, ita tana ce mini “Madam”, tana jan kalmar kamar tana kiran tunkiya.

Ranar da ta zo ta duba ɗakin, ta ce, “Madam, ina turmi?”

“Babu.”

“Murhu fa?”

Na nuna mata tulun gas. Ta ja da baya. “Wannan da ake cewa yana tashi da gida? A'a, ni da shi sai dai gaisuwa daga nesa.”

Hajiya kuwa ta hana hura itace a tsakar gidanta na siminti. Saboda haka girki ya zama nawa, ni kuma abu ɗaya na iya. Na dai ƙara ƙwai, daga biyu zuwa huɗu.

Daren farko na miƙa mata kwano ina jiran yabo. Ta leƙa ciki, ta ce, “Sannu da aiki.” Sai ta ɗauki kwanon ta fita bayan ɗaki. Ban yi mamaki ba, matar aure ba ta cika cin abinci a gaban dangin miji ba. Ta dawo da kwanon a wanke tas.

“Ya kika ji girkin 'yan boko?”

“Ai ku komai naku da sauri,” in ji ta. “Allah dai ya ba mijinki haƙuri.”

Haka muka yi mako uku. Da safe mu sha kunu, in tafi. Na ce mata ta riƙa cin abincin rana, amma in na dawo sai in tarar ta ɗan gutsuri gefe kawai. In na yi magana ta ce, “Kwanon Madam ne, ba nawa ba. Kuma zafin nan ba ya barin mutum ya ci.” Da yamma in soya sauran da ƙwai, ta ɗauka ta fita, ta dawo da kwano fes. Na lura tana ramewa, na lura tana yawan kwanciya, kuma leɓenta ya yi fari. Amma ni kaina cike yake da mafarki, sai na fassara abin da kewar miji. Har waƙa na rubuta a kai, wai kurciyar da abokinta ya yi ƙaura. Kullum ina kallon yarinyar nan tana ƙarewa a gabana, ni kuma ina neman kalmar da za ta dace da “kurciya”.

Wata Laraba, da yake ba ma komawa aji da yamma, na dawo da wuri. Ina cire takalmi na ji ƙarar bokiti a bakin famfo, sai salati. Na fito na same ta kwance a ƙasa, ruwa yana malala ƙarƙashin zanenta. Wadda ta fara isa kanta wata tsohuwa ce da yunwa ta koro daga arewa da jikokinta, tana yi wa Hajiya wanke-wanke. Ta tallafi kanta tana yayyafa mata ruwa, ta ɗago ta dube ni.

“Dole ta faɗi, ɗiyata. Wannan yarinya mi take ci? Kullum ni take miƙo wa kwanon ta bayan ɗaki. Na ce mata ki ci, ta ce ta ƙoshi. Jikokina har sun yi kumatu.”

Hajiya ta fito da carbi a hannu, ta duba matar yayana sau ɗaya, ta janye fatar idonta ta leƙa, ta ce a fito da mota.

A gidan likita, madam ɗin da ke awon ciki ta daɗe da ita a ciki, sannan ta kira ni. Babbar mace ce mai tabarau, ba ta da lokacin wasa.

“Ke ce 'yar'uwarta?”

“Ƙanwar mijinta ce.”

“Cikin wata huɗu gare ta, kuma jininta ya yi ƙasa sosai. In aka ci gaba haka, ko cikin ya tafi, ko ranar haihuwa mu rasa su duka biyu. Mi kuke ba ta a gida?”

Na ce, “Ciki?”

Ta sauke tabarau ta dube ni. “Aikin mi kike yi?”

“Malamar lakwal ce.”

“To, Allah ya kyauta wa 'ya'yan mutane.”

Ta ba mu ƙwayoyin ƙarin jini, ta ce magani kaɗai ba ya riƙe ciki, sai da abinci. Ta lissafa hanta, da zogale, da wake, da ƙwai. Tana ambaton ƙwai, matar yayana ta juya fuska bango.

Sai da muka dawo gida, na zauna kusa da ita na yi ta lallashi, sannan ta buɗe baki, idonta a ƙasa. Cikin fari ne, kuma cikin fari ba a faɗarsa, balle ga dangin miji. Wannan na sani, mantawa na yi. Wanda ban ɗauka da nauyi ba shi ne na biyun.

“A garinmu mai ciki ba ta cin ƙwai, Madam. In ta ci, ɗan da za ta haifa ɓarawo zai zama. Kakata ta faɗa mini tun ranar da za a kai ni ɗaki.”

“To mi ya hana ki ce in daina sa shi?”

“In ce don mi? Da na faɗa, ai kin gane.” Ta share ido da gefen mayafi. “Kuma wallahi babu abin da raina yake so kamar shi. In kika fasa shi a kasko, ƙamshin har cikin ƙashina nake ji. In na fita da kwanon, sai na rufe ido nake miƙa wa tsohuwa.”

Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Mako uku ina azabtar da baiwar Allah da abin da take kwaɗayi, ina kuma jiran ta yaba.

Na gwada sauran abubuwan. Hanta ko warinta ta ji sai amai. Wake yana kumbura mata ciki. Zogalen Jiratawa da nake kwaɗa mata da ƙuli tana ɗan taɓawa, amma bai isa ya tashe ta ba. Abu ɗaya da cikinta yake kira, shi ne abin da take tsoro. Sai na ɗauko malanta. Na zauna da littafin kimiyya na aji shida, na nuna mata hoto, na yi mata bayanin abin da ke gina jiki da abin da ke ƙara jini. Ta saurare ni har ƙarshe cikin ladabi, sannan ta ce, “Wanda ya rubuta littafin nan, ya taɓa haihuwa a garinmu?” Na rufe littafin.

Ranar Asabar na hau kabu-kabu zuwa Tibiri. Na sami Inna tana rabon fura a tsakar gida, yara sun kewaye ta da ƙoƙuna. Na ja ta ɗaki na zayyana mata komai.

“Ni na ga alamar tun tana nan,” ta ce. “Shi ya sa na turo miki ita, ta ci abincin birni. Ashe azumi na aika ta.”

“Inna, da kin faɗa mini.”

“In faɗa miki mi? Matar wancan ce.” Inna ba ta kiran sunan yayana, ba ta kuma shiga maganarsa, kamar yadda aka saba da ɗan fari. “Ke dai da kike da ido biyu da takardu cike da akwati.”

Ta tashi ta ɗauki mayafi. Ta ce wa ƙanwar babana ta kula da tukunya, za ta je birni ta dawo gobe.

A hanya ina ta tunanin yadda za a yi. Tsakanin Inna da surukarta gaisuwa ce kawai, ita ma a durƙushe, fuska a rufe. Ba ta yadda za a yi su zauna su yi maganar ciki. Muna shiga, matar yayana ta gaishe ta, ta shige ɗaki ta saki labule. Inna ta shimfiɗa tabarma a bakin ƙofar, dab da labulen, ta ba shi baya. Bayan magariba ta ce, “To, ɗauko abin wutar naki, in ga wannan girki da ake kashe mutane da shi.”

Na fito da gas da kasko. Tuwon masara ne a kwanon ranar. Na yanka, na soya albasa, na zuba. Ina kaɗa ƙwai Inna ta fara magana, da murya mai ƙarfi fiye da yadda ake yi wa wanda ke zaune kusa.

“Ke, kin san da mi aka yi ki?”

Na ce, “Da mi, Inna?”

“Shekarar da nake ɗauke da ke, an yi fari wanda ya fi wannan. Lokacin ma soja ne bisa mulki. Babanki ya tafi, ya bar ni da uwarsa da rumbu wofi. Dussa muka ci, muka ci ganyen da ko akuya sai ta yi shawara. In na tashi tsaye sai ƙasa ta juya. Abin da ya rage mini a duniya kaza ɗaya ce, wake-wake, mai taurin rai. Ban san mi take ci ba, amma tana yin ƙwai bayan rumbu.”

A bayan labule ko motsi babu.

“Ni ma an faɗa mini abin da ake faɗi. Kwana da kwanaki ina kallon ƙwan nan ina wucewa. Ran nan na ce, ya Allah, in na mutu da abin da ke cikina, wa na tsare wa mutunci? In ɓarawo ne, ka ba ni shi da rai, ni zan yi masa tarbiyya. Na jiƙa ƙanzo, na fasa ƙwai a kai, na ɗora a wuta lokacin da kakarki ta tafi rijiya. Na ci a tsaye. Na binne ɓawon kamar wadda ta yi kisa. Haka na yi ta yi har kazar ta gaji.”

Cokali ya tsaya a hannuna. Ban taɓa jin wannan labari ba. Daga baya ta ce mini ko babana bai sani ba har ya koma ga Allah.

“To gaya mini,” in ji Inna, “tun da aka haife ki, mi kika taɓa sata?”

“Ba komai, Inna.”

“Ina fa za ki iya? Ke da ko naki aka ɗauka a gabanki ba ki gani, kina can kina kallon gajimare. Da ma ƙwan ya ɗan sa miki wayo, da na gode.”

Sai muka ji wata 'yar dariya ta kuɓuce a bayan labule, aka yi maza aka danne ta.

Inna ta yi kamar ba ta ji ba. Ta karɓi kaskon, ta ɗanɗana, ta ce gishiri ya yi kaɗan, albasa kuma ta ƙone. Ta zuba rabi a kwano da hannunta, ta yi bisimilla a kai, ta tura shi ƙarƙashin labule ba tare da ta waiwaya ba. Sannan ta ce, wai da ni take, “In akwai laifi a cikin wannan, a wuyana yake. Jinin gidana ne, ni na ce a ci.”

Muka zauna muna jira. Ina jin masu kabu-kabu suna wucewa a titi. Kwanon yana nan inda aka tura shi, rabinsa a waje. Inna ta ɗauko carbi. Can sai na ga yatsu sun fito ƙarƙashin labule, sun ja shi ciki a hankali. Da na ji ƙarar cokali a jikin kwano, sai na tashi na tafi bakin famfo, wai zan wanke kasko, don kada Inna ta ga fuskata.

Ba a rana ɗaya ta warke ba. Amma bayan mako biyu ta fara yi mini ba'a da ƙarfinta, bayan wata guda madam mai tabarau ta duba idonta ta ce, “Yanzu na ga mutum.” Ta koyi kunna gas, tana karanta addu'a kafin ta kyasta ashana, kuma cikin kwana kaɗan ta fi ni iya girkin nawa. Ita ta fara zuba zogale a ciki, ita ta gano cewa dambu ya fi kowa son ƙwai. Tsohuwar nan ma ba mu yanke mata kwanonta ba, sai muka riƙa soyawa da ita. Ni kuma na daina zama da takalmi a bakin katifa. Ko aji ya ƙara raguwa, na san akwai mai jirana da albasa a yanke.

Ruwa ya sauka a shekarar, yayana ya dawo ya yi shuka. Da lokacin kaka ya yi, matarsa ta haifi 'ya mace, mai ƙarar kuka. Da aka koma lakwal wasu daga cikin 'yan ajina sun dawo, wasu har yau ban san inda suke ba.

Nakan tuna wannan zama duk ranar da na dawo gida ba na son ko ɗaga tukunya, kuma har yanzu irin ranakun suna zuwa. Abin da ya fi tsaya mini shi ne, ni na ɗauka ciyar da mutum shi ne ka miƙa masa kwano. Ban taɓa zama na ga ta kai loma baki ba, ban taɓa tambayarta abin da take so ba. Littafina ma gaskiya ya faɗa, amma tsoron da kaka ta dasa, sai wata uwar ce ta iya cire shi, ita ma sai da ta tona sirrin da ta binne shekara da shekaru. Yanzu in na yi baƙo, tare muke ci, kuma ina kallon hannunsa.

Yarinyar tana kwaleji yanzu, ta kusa kai uwarta tsawo. In an yi hutu sukan zo mini Maraɗi, kuma duk abin da na ce zan dafa, ita sai ta ce a soya na rana da ƙwai. Hutun da ya wuce ina soya tuwo, na juya zan ɗauko faranti, ina waiwayowa na ga gefen da ya fi yin ɓawo ya ɓace, yarinya kuma tana tsaye tana kallon rufi, kumatu a cike, tana hura iska ta hanci don zafi.

Uwarta da ke zaune bakin ƙofa ta tafa hannu, ta ce, “Kin gani ko, Madam? Ni dai sai da na faɗa muku.”